Hayaƙin Jira: Abin da Cunkoson Tashoshin Jiragen Ruwan Legas Ke Ci Bayan Kuɗi

A shekarar 1975, jiragen ruwa fiye da 400 ne suka yi cirko-cirko a bakin tekun Legas, akasarinsu maƙare da siminti. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce, a lokacin da kuɗin mai ke kwararowa, ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar Apapa ba za ta iya sauke ko kusa da haka a shekara guda ba. Wasu jiragen sun shafe watanni suna jiran layi, ana lissafa wa Najeriya tarar kowace rana, simintin cikin wasu ma ya sha danshi ya daskare. Wannan abin kunya ne ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977.

Asarar kuɗi aka fi tunawa a wannan badaƙala. Amma kowane jirgi a cikinsu, muddin da mutane a ciki, akwai injin da ke aiki dare da rana, iskar teku kuma tana kaɗa hayaƙinsa zuwa cikin gari. A wancan zamani ba a sa wannan a lissafi. Yau da ake ta tarurruka kan yadda tashoshin jiragen ruwa za su yi aiki ba tare da ɓata muhalli ba, wasu na ɗaukar abin kamar zaɓi ne tsakanin biyu: ko tasha ta yi sauri ta kawo kuɗi, ko ta kula da muhalli ta yi nawa. A ganina, a tashoshi irin na Legas, yawanci ba haka abin yake ba. Babban abin da ke ɓata iskar Apapa shi ne jira, kuma jiran nan ne dai ke ƙara wa ɗan kasuwar Kantin Kwari tsadar kaya. Akwai inda buƙatun biyu suke raba hanya da gaske, kuma za mu je wurin, amma ba daga nan matsalar ta faro ba.

Mu fara da jirgin. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan cinikin duniya ta teku ake dakonsa, kuma jiragen ruwa na fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Idan jirgi ya iso bakin tasha ya tarar babu wurin jingina, sai ya jefa anga ya kashe babban injinsa. Ƙananan injinan ba sa mutuwa. Su ke ba da wutar ɗakunan ma'aikata, da famfuna, da na'urori, da kwantenoni masu sanyi da ke ɗauke da kifi ko magani. Akwai kuma tukunyar da ke ɗumama man jirgin, domin baƙin man da manyan jirage ke sha yana da kauri, sai an ɗumama shi yake gudana. Ke nan jirgin da ka hango tsaye cik a kan ruwa, ƙaramar tashar wutar lantarki ce da ke ƙona mai a ƙofar birni.

Kuma man ba irin na mota ba ne. Daga 1 ga Janairun 2020, Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, ta rage adadin farar wutar da aka yarda ya kasance a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100. Ci gaba ne babba. Sai dai ko wannan sabon ma'auni ya ninka abin da Turai ta yarda da shi a man gas na motoci sau 500. A wasu yankuna na musamman, irin su tekun Baltik, da Tekun Arewa, da gaɓar Amurka ta Arewa, da Bahar Rum tun watan Mayun 2025, ma'aunin kashi 0.1 ne. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta cikin waɗannan yankuna. Jirgi ɗaya ne zai ƙona mai mai tsabta a tashar Rotadam ta ƙasar Holan, ya zo Legas ya koma wa wanda farar wutarsa ta ninka wancan sau biyar, kuma bai karya doka ba.

Akwai wata ɓarna da ke faruwa tun kafin jirgin ya iso. A tashar da wanda ya riga zuwa shi ke fara shiga, kowane kyaftin gudu yake yi don ya kama layi, ya zo kuma ya yi kwanaki yana zaune. Gudu a teku yana da tsada ƙwarai: idan jirgi ya rage saurinsa da kashi 10 cikin 100, man da zai sha a tafiyar gaba ɗaya kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Da tasha za ta iya gaya masa tun yana nesa cewa wurinsa ba zai samu ba sai ranar Alhamis, da ya taho a hankali. Wannan ba ya buƙatar sabon inji ko sabon mai. Abin da yake buƙata shi ne tashar da ta san jadawalinta kuma take cika alkawari.

Shi ya sa ma'aunin da Bankin Duniya da kamfanin S&P Global suke fitarwa tun 2021 yake da amfani ga mai maganar muhalli, duk da ba don muhalli aka yi shi ba. Abu ɗaya yake aunawa: tsawon lokacin da jirgin kwantena ke ɓatawa a tasha. A jadawalin 2023, wanda ya ƙunshi tashoshi 405, Yangshan ta ƙasar Sin ce ta zo ta ɗaya, Salala ta Oman ta biyu, Tanja Med ta Maroko ta huɗu, tashoshin Legas kuwa can ƙasa ake nemansu. Amma ma'aunin yana da makanta. Da zarar an sauke kwantena jirgi ya juya, lissafi ya ƙare. Makonnin da kwantenar za ta yi ana kiliya, da kwanakin da tirela za ta yi a layi kafin ta ɗauke ta, ba su shiga ciki. A Legas kuwa a nan ɗin ne aka fi shan wuya.

Duk wanda ya bi ta gadar Ijora ko hanyar Oshodi zuwa Apapa a tsakanin 2017 da 2020 ya ga abin da idonsa. Tireloli da tankoki jere a kan gada, layin wani lokaci har ya haura zuwa Surulere. Direba, wanda sau da yawa ɗan Arewa ne, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa, yaron mota na wanka da bokiti a gefen titi, masu abinci sun kafa tukwane a inuwar kwantena. Motar ba a cika kashe ta ba, domin layi kan motsa taku kaɗan ba zato, wanda ya yi jinkiri a shige gabansa, batirin tsohuwar mota kuma ba abin dogaro ba ne. Haka za a wuni ana ƙona gas ba a je ko'ina ba. Babu banɗaki, babu wurin zuba shara, sai kwata. Tafiyar da ba ta wuce 'yan kilomitoci ba takan ci mako biyu ko fiye, ga kuma shingaye inda ake karɓar na goro kafin a bar mota ta matsa.

Me ya tara motocin nan wuri ɗaya? Na farko, rumbunan man fetur da aka bari aka cika Apapa da su. Da bututan da ke kai mai daffo-daffo na cikin ƙasa suka lalace, sai ya zama tankar da za ta kai mai Gusau ko Maiduguri dole ta gangaro Legas ta yi lodi. Na biyu, kwantenar da babu komai a ciki. Najeriya na shigo da kayan kwantena fiye da yadda take fitarwa, kamfanin jirgi kuma yana riƙe kuɗin ajiya sai an mayar masa da kwantenarsa a kan lokaci, don haka motoci da yawa a layin iska kawai suke ɗauke da ita. Na uku kuma, wanda ya fi ciwo, shi ne mutuwar jirgin ƙasa. Layin dogo ya isa Kano tun 1911, kuma ta kansa dalar gyaɗa ke gangarowa har bakin ruwa a Apapa. An gina tashar ne a kan cewa jirgin ƙasa zai kwashe kaya. Da dogo ya kwanta, sai duk nauyin ya koma kan titunan da ba don haka aka yi su ba.

Wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum 11,200 kafin lokacinsu a Legas a shekarar 2018 kaɗai, kimanin kashi 60 cikin 100 yara 'yan ƙasa da shekara biyar, asarar kuma ta kai dala biliyan 2.1. Ba tashar jiragen ruwa kaɗai ke da alhakin wannan ba. Akwai motocin gari, da janaretoci, da masana'antu, da ƙona shara. Amma tsofaffin manyan motoci masu shan gas suna sahun gaba, balle da yake shekara da shekaru ana shigo wa yankin da gas mai ɗauke da farar wuta ninkin-ba-ninkin abin da Turai ta yarda a sayar a gidajen manta. Sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da ma'auni mai tsauri na bai-ɗaya.

Abin da ya sassauta cunkoson Apapa ba wani shirin muhalli ba ne. A watan Fabrairun 2021, lokacin da Hadiza Bala Usman ke shugabancin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya, aka ƙaddamar da manhajar Eto: mota ta zauna a garejin da aka amince da shi, kada ta hau titin tasha sai an kira ta. An kuma sake gina titin Wharf da babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi da kankare, aka ƙara yawan kwantenonin da ake ɗauka ta ruwa a kan baji, wato faffaɗan kwale-kwalen dakon kaya, zuwa wurare irin su Ikorodu. Direbobi har gobe suna kuka da 'yan bumburutun tikiti da masu tare hanya, kuma cunkoson kan dawo lokaci-lokaci. Duk da haka, motar da ke fake a gareji a kashe take. Ina da yaƙinin cewa man da wannan tsari ya hana ƙonawa ya fi na duk wani shirin dashen itatuwa da aka taɓa yi wa bikin buɗewa a harabar tashar.

Tashoshin Los Anjalis da Long Bic a Amurka sun nuna fuska biyu na lamarin. A 2006 suka fito da shirin tsabtace iska, a 2008 suka hana motocin da aka ƙera kafin 1989 shiga tasha, a 2012 kuma suka rufe ƙofa ga duk motar da injinta bai kai ma'aunin 2007 ba. Suka kuma ja wa jirage wutar lantarki daga tudu don su kashe injinansu idan sun jingina. Baƙin ƙurar gas da tashoshin ke fitarwa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da 2005. Sai ga cunkoson bayan korona: a Janairun 2022 jiragen kwantena 109 ne ke jiran shiga, hayaƙi kuma ya sake tashi duk da tsadaddun na'urorin da aka zuba. Maganin da suka samo na takarda ne. Tun daga Nuwamban 2021, jirgi na samun lambarsa a layi daga ranar da ya baro tashar da ya fito, ba ranar da ya iso ba, don haka babu amfanin gudu, kuma wanda zai jira ya jira can nesa da gaɓa.

Batun ja wa jirgi wuta daga tudu shi ne abin da aka fi tallatawa yanzu, kuma Tarayyar Turai ta wajabta shi ga jiragen kwantena da na fasinja a manyan tashoshinta daga 2030. A Legas sai a yi hattara. Amfaninsa ya dogara ga inda wutar ta fito. A ƙasar da babban layin wutarta ke faɗuwa sau da dama a shekara, kamfanonin tasha kuma da janareto suke tafiyar da injinan ɗaga kaya, idan aka kashe injin jirgi aka kunna janareton gas a bakin ruwa, an gudu ne ba a tsira ba. Sai an fara samar wa tashar tsayayyiyar wuta, ko daga iskar gas ko daga hasken rana, kafin maganar ta yi ma'ana.

Inda kuɗi zai fi yin aiki shi ne dogo. Jirgin ƙasa na ɗaukar tan guda na kaya da kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na man da mota za ta sha. An buɗe sabon layin Legas zuwa Ibadan a 2021, da reshe har cikin tashar Apapa, aka fara jigilar kwantena a kansa a 2023. A Arewa an buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a Janairun 2023, ta Funtuwa a 2024, don mai fitar da riɗi, zoɓo ko citta ya gama da kwastan a gida. Matsalar ita ce tsakiyar ba ta haɗu ba. Sabon layin ya tsaya a Ibadan, na Abuja zuwa Kaduna yana can shi kaɗai, tsohon siririn layin da ya haɗa Legas da Kano kuma yau yana aiki gobe ba ya yi. Tashar tsandaurin da tirela ce ke kai mata kaya daga nisan kilomita dubu ta rage wa ɗan kasuwa wahalar takardu, amma ba ta rage ko lita ɗaya ta gas ba. Nijar ma ta ɗanɗani irin wannan ta wata fuskar: tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da ke bi ta Kwatano suka koma Lome su ratso Burkina Faso, hanya mai nisa da ayarin motoci ke jiran rakiyar sojoji.

Sharar jirgi wani babi ne, kuma yankinmu ya sha darasinsa da zafi. A 1988 aka gano dubban gangunan guba daga Italiya jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. A 2006 jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya so sauke dagwalon mai a Amsterdam. Da aka ga irin gubar da ke ciki aka tsawwala kuɗin sarrafa shi, sai aka mayar da shi cikin jirgi. Ya biyo ta Legas bai samu saukewa ba, ya ƙarasa Abijan, inda wani ƙaramin kamfani ya karɓa da araha ya zubar a wurare fiye da goma a cikin birnin. Hukumomi sun ce aƙalla mutum 15 sun mutu, fiye da 100,000 suka nemi magani. A nan tashar da ta tsaya bincike ta ɓata wa jirgi lokaci ita ce ta yi aikinta, ko da ma'aunin sauri zai rage mata maki.

Haka kuma batun zurfi da katangar tare igiyar ruwa. Manyan jiragen zamani sun fi ƙanana tsimin mai a kan kowace kwantena, amma suna son ruwa mai zurfi, wato yashe ƙasan teku da gina doguwar katangar duwatsu. A gaɓar Afirka ta Yamma igiyar ruwa na tura yashi daga yamma zuwa gabas ba dare ba rana. Katangar tasha takan tare shi, kamar manomin da ya datse ruwa a saman fadama ya bar na ƙasa da busasshiyar gona: yashi ya taru a yammacin tasha, teku kuma ta ci gabashinta. Tun da aka buɗe tashar Lome a 1968 teku ke cin garuruwan da ke gabas da ita, ta haɗiye tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho har sai da aka janye titin zuwa tudu. Kwatano ma haka. A Legas, katangun da Turawan mulkin mallaka suka fara ginawa a bakin mashigar ruwa tun 1908 su suka jawo zaizayar bakin tekun Bar Beach, wadda ta riƙa kai ambaliya titin Ahmadu Bello kafin a gina katangar Eko Atlantic. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku ta ci wa Benin, Kodebuwa, Senegal da Togo dala biliyan 3.8 a 2017. Masuncin da gidansa ya faɗa ruwa ba ya fitowa a rahoton shekara na kowace tasha, ita kuwa Lome, da zurfinta na fiye da mita 16, tana cikin tashoshin da ake yabo a yankin.

Kuɗin hayaƙi kuma ya fara isowa ko ba mu shirya ba. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai ta sa manyan jirage cikin tsarinta na biyan kuɗin hayaƙi, har da rabin hayaƙin tafiyar da ta haɗa tashar Turai da ta wata nahiya. Kamfanonin jirage sun mayar da shi ƙarin caji a kan kowace kwantena, ma'ana mai fitar da koko ko riɗi zuwa Turai yana biya, kuɗin kuma a baitulmalin Turai suke zama.

Sabuwar tashar Lekki, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2023, ta tattara duk waɗannan tambayoyi wuri ɗaya. An kashe mata kimanin dala biliyan 1.5, zurfinta mita 16.5, tana da manyan injinan sauke kwantena da na'urorin leƙa cikin kaya, kuma jiragen da a da sai dai su sauke a Lome a ƙaraso da kayan a ƙananan jirage yanzu suna iya zuwa kai tsaye. Ta ɓangaren ruwa an yi abin a yaba. Ta ɓangaren tudu kuwa an buɗe ta babu layin dogo. A maƙwabtanta akwai matatar man Dangote mai tace ganga 650,000 a rana, da kamfanin takinsa, da sauran masana'antun yankin ciniki maras shinge, kuma tankokinsu da tirelolinsu duk hanyar Lekki zuwa Epe suke hawa, hanyar da ta ratsa unguwannin da ke cika da jama'a kullum. Gwamnatin jihar Legas ta ɗauko tsarin kiran motoci irin na Apapa don wannan hanya, masu tankoki kuma suka yi ta ja-in-ja da ita kan kuɗin da za a biya.